Ƙarƙashin Teburin Jirgi

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. Ana yaye ni aka miƙa ni wurin kakata a ƙauye, daga can sai makarantar kwana, don haka sai da na zama malamin makaranta da iyalina sannan na dawo Gombe muka zauna gida ɗaya da shi. Idan na durƙusa gaishe shi da safe, bango yake kallo ya amsa. Idan yana son in yi wani abu, sai ya ce wa duk wanda ke kusa, "A gaya wa wancan ya duba rufin ɗakin girki," alhali ga ni a tsaye. Kunya ce irin ta Fulani, kowa ya san ta, kowa yana yaba masa. Ni kuwa, tsakani da Allah, abin yana ci mini rai. Ba wani abu mai yawa nake nema ba, so nake sau ɗaya ya yi magana da ni, ba da wani a kaina ba.

Aikin jirgin ƙasa ya yi duk rayuwarsa. Da canza layi ya fara, ya kai ga riƙe ƙananan tashoshi, da layin dogo ya iso Gombe bayan samun 'yancin kai aka dawo da shi gida. A lokacin da nake magana ya yi ritaya, ƙafa kuma ta fara damunsa. A ɗakin zaure yake wuni kan buzu, in jirgi ya yi kuka daga tasha ya zaro agogon aljihu ya duba, ya yi tsaki. Abokin hirarsa wani dattijo ne Batangale, Kirista, wanda suka yi aiki tare, shi ne mai ɗaga tuta da busa usur a taragon ƙarshe. Kawu muke ce masa. Baki gare shi, kullum cikin tsokanar Baba yake, "Manaja" yake kiran sa, kuma shi kaɗai yake yin haka ya kwana lafiya.

Shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa ne, ba a daɗe da ja mana wutar lantarki ba. Abokan aikina kowa sai babur da rediyo mai kaset. Wani Bature injiniya a GRA zai koma ƙasarsu ya yi gwanjon kayan gidansa, na tafi neman fanka, na dawo da akwatin jirgin wasa a ka. Matata ta buɗe ta leƙa, ta dube ni ta ce, "To, sai mu riƙa yin fifita da shi." A ciki akwai kan jirgi baƙi, tsawonsa bai fi tafin hannu ba, da taragu, da guntayen layin dogo na ƙarfe masu shiga cikin juna, da sigina masu ƙananan ƙwayayen fitila ja da kore. Akwai kuma wani akwatin ƙarfe mai nauyi, taransifoma, wanda ke rage ƙarfin wutar gida ya tura ta cikin layin don jirgin ya yi tafiya. A makon nan ne aka sanar da ni za a mayar da ni aiki Bauci bayan damina.

Da gangan na zazzage kayan a ɗakin zaure. Na fara jera layin a kan tabarma kamar ban san da kowa ba. Baba ya miƙa hannu ya ɗauki kan jirgin, ya juya shi, ya kai shi kusa da ido.

"Mutumina," ya ce wa Kawu, "dubi, har akwatin yashin hana santsi suka yi masa." Sannan ya ƙara, "Gaya wa wancan ba a shimfiɗa dogo a kan tabarma."

Shi ke nan, aiki ya tashi. Kafinta ya buga mana faffaɗan teburi da ya cinye rabin ɗakin, tsayinsa daidai yadda mutum zai kwanta rigingine a ƙarƙashi ya yi aiki. Baba ya ɗauki gawayi ya zana tashar Gombe a kan katakon kamar yadda ya san ta, babban layi, layukan ajiye taragu, wurin shan ruwan inji. Da kwali muka yi rumbun auduga, muka ɗaure audugar gaske da zare ta zama dila-dila. Gwangwanin madara ya zama tankin ruwa. Yashi na ɗebo daga kwarin bayan unguwa, muka tankaɗe shi da rariyar matata ba da saninta ba, muka liƙe shi a gefen layi da ƙaro. Kawu ya murza awaki na yumɓu ya jera su a tsakiyar dogo, wai ai haka suke yi a zahiri. Baba ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya, ya ce ba a tasharsa ba.

Haɗa wuta shi ne rabona. Duk wayoyin ta ƙasa suke bi. Sai in huda katako, in tura waya sama, a liƙa ta a jikin ƙarfen layi ko ƙafar sigina, ni kuma in haɗa bakinta da 'yar'uwarta a ƙasa da dalma. A kaskon gawayi nake gasa ƙarfen narka dalmar, kuma har yau akwai tabon ɗigonta a ƙirjina. Matsalar ita ce na ƙasa ba ya ganin abin da ke faruwa a sama, sai an gaya masa. To ga yadda muke yi.

"Gaya masa sigina ta kama," in ji Baba.

"Ɗana, Manaja ya ce ta kama."

"Na ji, Kawu."

"Manaja, ya ce ya ji."

"Ai ba kurma ba ne ni."

"To shi ma ba kurma ba ne."

Haka muka ci damina, bayan la'asar da ranakun Asabar. Ruwa na dukan kwano, Baba na zaune kan kujera yana gwada tazarar layi da ƙarfen ma'auni, ni ina kwance ina kallon ƙafafunsa. Ban taɓa zama kusa da shi na tsawon lokaci haka ba, kuma na ji daɗin wannan ƙwarai. Ranar da jirgin ya fara zagayawa Kawu ya zaro tsohon usur ɗinsa ya busa har kajin gida suka watse. Baba ya yi dariya, amma fuskar Kawu ya kalla ya yi ta.

Sai Baba ya ce tasha ba ta cika ba sai da wurin juya kan jirgi, wato layi mai kusurwa uku, inda inji zai shiga ta nan, ya yi baya ta can, ya fito yana fuskantar inda ya baro. A dogon gaske ba komai ba ne. A na wasa kuwa wuta tana tafiya ne ta ƙarfe ɗaya ta dawo ta ɗayan, kuma ba a so su gamu. In ka rufe kusurwa ukun nan, ƙarfen dama sai ya je ya haɗe da na hagu. Ni ban san wannan ba a lokacin, lissafi da tarihi nake koyarwa.

Wata Asabar da hantsi na gama haɗa shi. Kawu ya fita ƙofar gida yana ciniki da mai goro. Soket ɗin yana jikin bango a ƙarƙashin teburin, daidai kaina, sai kawai na soka filogi na kwanta ina jiran in ji gurnanin jirgi a samana. Shiru. Hayaƙin kaskon gawayi ya cika mini hanci, ban ji wani wari dabam ba. Taransifomar kuwa tana sama gaban Baba, ta fara ƙugi, hayaƙi na fita ta ramukanta. Shi bai taɓa yarda ya taɓa kayan lantarki ba, ya ce ba ya wasa da wutar da ba a ganin ta. Abin da ake buƙata kawai a ce da ni in zare filogi.

"Mutumina!" na ji ya ƙwala. "Mutumina!"

Na ga ƙafafunsa sun miƙe, yana jan mai ciwon zuwa ƙofa. Na ɗauka kan goron ne. Sai ga Kawu a guje yana ihu, "Cire! Cire, ɗana!" Kafin in zare abin ya gama ƙonewa, ɗakin ya turnuƙe, gefen rumbun audugarmu har ya fara babbakewa.

Na fito ina tari. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi ba a gabansa, ba don taransifoma ba. Abin haushi kuma, da na buɗe baki, ni ma Kawu na kalla. Na ce, "Kawu, kalma ɗaya ce fa."

Ranar Kawu bai yi wasa ba. Ya ce, "Haba Manaja! Da teburin ne ya kama fa? Ɗanka na ƙarƙashi, kai kana neman tafinta?" Baba ya ɗauki butarsa ya fita, alhali azahar da sauranta.

Aka lulluɓe teburin da tsohon zanen gado. Na kai taransifomar wurin wani mai gyaran rediyo a kasuwa, ya sake naɗa mata waya, muka zauna tare muka gano inda na yi kuskure: sai an yanka ƙarafan layin an bar ɗan tsagi a bakin kusurwar, a sa makunni mai juya wuta. Na dawo da ita na ajiye, ban ƙara bi ta kanta ba. Damina ta ja baya. Kawu ya tafi garinsu wajen Kaltungo girbi, matata ta fara ɗaure kaya, ni da Baba muka koma gaisuwar safe da kallon bango.

Ana saura kwanaki kaɗan mu tashi na ce ba zan bar masa mataccen jirgi a ɗaki ba. Bayan la'asar na yaye zanen, na yanka tsagin da ƙaramin zarto, na shige ƙarƙashi. Baba na kan buzunsa da carbi, babu kowa sai mu biyu. Sai in haɗa waya, in jawo jiki in fito in duba sigina, in koma. In sake haɗawa, in sake fitowa. Na buga goshina a gefen katako har na gaji da tsaki. Can na ji an ja kujera, ƙafafunsa suka bayyana a inda suka saba.

"Ba ta kama ba."

Na tsaya cak, na leƙa ƙofa ko wani ya shigo. Babu kowa.

"Ba wannan ba. Ta farkon da ka taɓa, ita za ka mayar."

Na mayar da wayar. Ya ce, "Yauwa, ta yi kore. Sai ta gaba." Muryarsa a sake take, kamar yadda yake magana da Kawu. Na lura ba ya ganin fuskata, ni ma ba na ganin tasa, katako ne tsakaninmu. Muka bi siginonin nan ɗaya bayan ɗaya, yana faɗa ina gyarawa. Na ce, "Baba, a ɗora injin a bakin kusurwa." Ya ɗora. Na juya makunni, na ji ɗan jirgin ya wuce ta saman ƙirjina, ya tsaya, ya yi baya, ya fito lafiya.

Aiki ya ƙare, babu sauran wayar da za a haɗa. Ina shirin jawo jiki sai na ji ya ce, "Lokacin da kake makarantar kwana, ta wata 'yar tasha da nake riƙe da ita jirginku yake wucewa, gaba da Kafanchan. Ba ka sani ba, kakarka ba za ta faɗa maka ba."

Na koma na kwanta.

"Babu wanda ke sauka a wurin, ba a tsayawa. Amma in lokacin komawarku ya yi, sai in bar sigina a ja. Direba ya yi ta busa, ni kuma in ɗauki tuta in bi taragu ɗaya bayan ɗaya kamar ina duba ƙafafunsu. Kullum kana bakin taga ta hagu. Wata shekara na ga an yi maka aski mara kyau, wata shekara na ga rigar ta yi maka kaɗan." Ya ɗan yi dariya. "Sau biyu aka kira ni ofis a kan jinkirin nan. Na ce musu shanu ne a kan layi."

Na tuna tashar, amma ban taɓa kula da fuskar mai tutar ba. Na tuna yadda muke zagin duk wanda ya tsayar da mu a dajin nan cikin zafi, ni ma da bakina a ciki. Hawaye suka gangaro mini ta gefen ido suka shiga kunne, ban iya sharewa ba don kada ya ji motsi. Murna ce, da kuma baƙin cikin shekarun da suka wuce, duka a haɗe. Na san kuma abu guda: da zarar na fito ya ga fuskata, bango zai koma kallo.

Jirgin ya ci gaba da zagayawa a samana. Bayana ya ƙage, gawayin kasko ya mutu, sauro ya fara cizon ƙafata. Can ya ɗan ƙwanƙwasa katakon da yatsa.

"Ka gama ne?"

Na kama wata waya da na riga na ɗaure tun ɗazu, na riƙe ta.

"Da saura, Baba."

"To, yi a hankali," ya ce. Ya gyara zama a kujerar, ya fara ba ni labarin ranar da aka kai masa albishir ɗin haihuwata.