Ranar da Yaya Issaka Ya Kashe Talabijin

Shekara shida ke nan da muka kai yayana Issaka makwancinsa, amma har gobe idan ana hirar wasa a unguwarmu ta Nima sai wani ya tuno ranar da ya kori baƙinsa da tsakar rana.

Direban trotro ne, wato ƙaramar bas ta haya, tsakanin Nima da unguwar Madina, da yamma kuma yana koyar da yaran unguwa ƙwallo. Mutum ne mai zafin zuciya, ni kuwa ƙaninsa na fi kowa sani. A wurinsa babu horon da ya kai a fitar da ɗan wasa daga fili tun ba a je ko'ina ba. Shi kansa da wannan yake hukunta malalata.

Ɗansa Hafiz ya tashi a arewacin Turai, inda mahaifiyarsa take aikin jinya. Can ya koyi hoki na kan ƙanƙara, wanda ake yi da sanduna da takalma masu ƙarfe a ƙasa kamar wuƙa. Da aka ɗauke shi cikin tawagar matasa ta ƙasar don gasar ƙasashe, Yaya ya kafa rumfa a ƙofar gida, ya fito da talabijin, aka dafa shinkafa da wake, ya gayyato har mutanen Maamobi, unguwar da ke maƙwabtaka da mu. Babu ɗayanmu da ya taɓa kallon wasan.

Hafiz ya shigo, muka yi ihu. Kafin ihun ya lafa, sai ga shi ya haura katangar fili ya zauna a benci. Yaya ya miƙe. "Ko minti ɗaya bai yi ba!" in ji shi. Ya kashe talabijin ya ce kowa ya tafi gida.

Da aka tashi wasa ya kira yaron a waya, ya ce bai yarda ya sake taka ƙanƙarar nan ba, tunda sun raina shi. Hafiz ya yi ta bayani cewa haka wasan yake, gudu ne mai cin numfashi, kowa na fita ya dawo sau da yawa. Yaya ya ce rufa musu asiri yake yi. Yaron kuwa ba zai shiga fili ba tare da albarkar ubansa ba, ga shi shekarunsa ba za su bar shi ya sake buga gasar matasa ba. Wasa na biyu a zaune Hafiz ya kalle shi. Abin ya ƙona mini rai ƙwarai.

Da ƙyar na zaunar da Yaya muka kalli maimaicin wasan farko a wayata. Ya ga kyaftin ɗinsu, jibgegen Bature, ya fita kamar kowa. "Har shi ma?" ya tambaye ni. Sannan ya ga ɗansa ya dawo, ya sake dawowa. Ya kira Hafiz ya sa masa albarka, har ya ce, "Ka yafe mini." Washegari ya bi gidajen waɗanda ya kora yana faɗa musu cewa shi ne bai san wasan ba. An yi masa dariya, ya shanye.

Hafiz ya buga sauran wasannin, ba su ci kofi ba, bai kuma kai babbar tawaga ba. Yau koci ne na ƙananan yara a can. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga ɗansa tsaye bakin benci yana kiran 'ya'yan mutane su fito. Ina jin da sai ya ce yana saurin cire su.

An sayar da trotro ɗin, filin ƙwallonsa ya zama shaguna. Abin da ya rage shi ne abin da Hafiz ya faɗa mini bara da ya zo ziyarar kabari. Na tambaye shi ko wasan da ya rasa yana masa ciwo har yanzu.

"Yana yi, Baba Ƙarami," ya ce. "Amma duk tawagar nan, ni kaɗai ke da uban da ya shirya faɗa da ƙasa guda don ya zaci an wulaƙanta ni."