Ginshiƙin da Ban Shafa wa Baƙin Mai Ba

Na tsufa ina aikin kafinta a Sabon Gari. Wata rana wani malamin jami'a da ya dawo daga ƙasar waje ya kira ni Samaru, ya shimfiɗa mini zanen gida a kan motarsa. Gidan katako ne zalla, ɗakuna sun kewaye lambu. Wai shi ne sabon yayi a can.

Na ce, "Yallaɓai, ai tsakar gida ce. Haka na kakata yake, sai dai ita yakuwa ta shuka."

Bai yi dariya ba. Na gaya masa ƙasar Samaru gara ke mulkinta, kuma lambun da za a riƙa ba ruwa kullum a gindin katako gayyata ce gare ta. Mu abin da muka sani, a jiƙa gindin kowane ginshiƙi da baƙin man mota. Ya toshe hanci, wai zan ɓata masa launin itace. Ni kuwa na san in rumfar ta rufta, ni za a zaga a kasuwa, ba mai zane ba.

Ranar da ya tafi taro, na shafe ginshiƙai bakwai, na bar na takwas yadda yake so. Ya dawo ya yi ta faɗa da Turanci.

Damina ɗaya, gara ta cinye na takwas. Da kansa ya zo shagona, galan a hannu. Yanzu in baƙi suka tambayi wannan baƙin launi, sai ya ce musu salon Japan ne.