Sau Nawa Kike Zagayawa?

Shekara goma sha biyu ke nan da muka binne yayata Ladi a Kwandere, kuma har yau ban yafe wa bakina ba.

Ladi tallan gishirin Awe take yi a kasuwar Lafia. Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba, gari ya cika da ma'aikata, amma a gefen da take talla babu inda mace za ta tsuguna. Maza dai su fuskanci katanga, shi ke nan. Sai Ladi ta daina shan ruwa daga safe har ta koma gida Bukan Sidi. Fitsari sau biyu: asuba da magariba. Duk mun sani. Har yabonta muke yi, wai mace mai kamun kai. Kai, wauta!

Da mararta ta fara ciwo, ni na raka ta wani ƙaramin asibiti. Nas ɗin Bahausa ce mai kunya, bakinta ba zai iya furta kalmar ba. Ta ce, "Sau nawa kike zagayawa a rana?"

Mu Eggon ne. Hausar Ladi ta kasuwa ce, zagayen da ta sani ɗaya ne, na ɗaukar faranti a ka.

"Ah, Sista, ya fi goma. In ban zagaya ba, yara zai ci me?"

Nas ta rubuta, ta ba ta ƙwayoyi, ta ce, "Ya yi yawa, ki ɗan rage shan ruwa."

Ni na yi makaranta da 'yan Hausa, na san bayan gida ake nufi. Amma akwai maza zaune a benci bayan labule, suna jin komai. Na yi shiru, na ce a raina zan gyara maganar wata rana. Ladi kuwa ta bi umarni, ta rage ɗan ruwan da take sha da yamma. Kafin damina ta fita, zazzaɓi da ciwon baya suka kwantar da ita, ƙafafu suka kumbura. Likitan babban asibiti ya ce cutar ta daɗe da hawa ƙoda. Ban ce kalma ɗaya ce ta kashe ta ba, amma wallahi ina jin nauyinta kullum.

Watan jiya 'yar Ladi, Rahila, wadda nake riƙo, ta zo da takarda daga ma'aikatan lafiya da suka je makarantarsu: ta yi alama duk lokacin da ta yi fitsari, har da kofi mai layuka na awo. Da Ladi na nan, da ta tuntsire da dariya ta ce, "Yanzu har wannan ake aunawa kamar gishiri?" Ni ma na so in yi dariya, sai na duba takardar. Ta riga ta cika kwana uku, kowace rana alama biyu. Bayin makarantarsu ba ƙofa, don haka ba ta shan ruwa sai an tashi.

Abin da ya rage mini na Ladi ke nan: farantin tallanta, da wannan yarinya, da halin da muka yaba har ya kai ta kabari. Na ajiye farantin. Halin kam ba zan bari a gada ba.

Jiya Rahila ta dawo daga makaranta, maƙwabta na zaune a tsakar gida. Na miƙa mata kofin ruwa.

"Rahila, sau nawa kika yi fitsari yau?"

Ta sunkuyar da kai. "Haba Anti, a gaban mutane?"

"E, a gaban mutane. Sau nawa?"