Ƙaron Marigayiya da Na Kai Abuja

Mun tashi da asuba, ana idar da salla, mu goma sha wani abu a cikin bas ɗin da aka ƙera don mutum tara. Kowa ya jefa kayansa a but, ni kuwa na rungume nawa a cinya. Ƙullin ƙaro ne kala uku, na itacen dakwara, na dushe da na marke, sai wani tsohon gwangwanin madara da na cusa a tsakiyarsu.

Ga waɗanda ba su sani ba, tun da na yi ritaya daga koyarwa na koma gonar ƙaro. 'Yata ta fari tana aiki a ɗakin gwaje-gwajen abinci na wata hukuma a Abuja. Ita ta bugo ta ce in ba direba saƙon ƙaro, za ta karɓa a tashar Jabi. Wai cikinmu ba ya narkar da ƙaro, wucewa yake zuwa hanji, inda wasu ƙananan halittu masu amfani ke cinsa, shi ne suke so su gwada ko za a riƙa sa shi a madara da burodi. Na ce ikon Allah, abin da yara ke tsotsa a bakin gona!

Na ce mata to, amma ban ba direba ba. Abin da ke cikin gwangwanin nan ƙaron da mahaifiyarta ta tsinta ne da hannunta a raninta na ƙarshe, daga wata dakwara da ke bayan gida. Lokacin da ta rasu yarinyar tana karatu a waje, ba ta ga gawa ba. Tun daga nan ko ta zo gida, gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. Kun san yadda muke da 'ya'yan fari, ko sunanta ban taɓa kira ba. Na ƙudurta in danƙa mata gwangwanin hannu da hannu, ko bakina ya kasa, shi ya yi magana.

Daga Kano zuwa Kaduna ana ta gyaran hanya, wannan hannu a buɗe, wancan a rufe. A Zariya na ci masa da miya, mai masar ta caje ni kamar da zuma ta soya. Na kusa da ni ya yi barci a kafaɗata tun daga Kwanar Dangora, ban tashe shi ba, don rabon da wani ya jingina da ni har na manta. A Tafa aka tsaya cin doya da ƙwai, kowa na waya yana cewa mun kusa. Ni ba wanda ya san ina hanya.

Sai bayan isha muka shiga Jabi. Kunyar buga mata waya ta kama ni, na kwana a masallacin tasha, kayana a ƙarƙashin kai.

Da safe na ga Abuja sosai. Ko'ina gini ake, ƙarafa sun miƙe sama, tituna fetal, motoci sababbi fil. Amma ka yi sallama, sai a dube ka kamar ka zo roƙo. Mai tasi ya sauke ni a ƙofar ofishinsu. Matar da ke teburin baƙi ta ce wa nake nema. Nan fa ake yin ta! Na buɗe baki, sunan ya ƙi fitowa. Sai na lalubo sunanta a waya na nuna mata.

“Tana mitin. Wannan kayan nata ne?”

Na ce nata ne. Wani dattijo mai farar riga, mutumin Filato da alama, ya fito ya gaishe ni da fara'a ya karɓi kayan. Har ya juya na tuna da gwangwanin. Amma ta ina zan fara ce wa baƙo, a gaban jama'a, wannan na matata ne, na kawo wa 'yata? Na yi shiru, na ce a raina ai hannunta zai je.

Na zauna a benci har azahar. Sanyin na'ura ya shiga ƙashina. Mutane na wucewa da takardu, Turanci da Hausa a cakuɗe, ba wanda ya ce mini sannu. Wallahi ban taɓa jin kaɗaici irin na bencin nan ba, har da na gidana da ba kowa.

Da ta fito ta gan ni, sai ta yi turus, ta durƙusa har ƙasa da takalminta mai tsini.

“Baba! Da kanku? Me ya sa ba ku faɗa ba?”

Na ce hanya ce ta biyo da ni. Ita ma ta san ba hanyar da ke biyowa da mutum daga garinmu zuwa Abuja. Ta shigar da ni ɗakin gwajin. A kan tebur ga kwalabe uku cike da farin gari, ga gwangwanin a gefe, a buɗe, wayam.

Dattijon ya ce da irin Hausarsa, “Oga madam ya ce da ya iso in niƙa. Na gwangwani ma dakwara ne, na haɗa shi da ɗan'uwansa. Mai kyau ne sosai, ba datti ko ɗaya.”

Ba laifinsa ba ne, aikinsa ya yi. Ni dai na nemi kujera na zauna. Ita kuwa ta ɗauki gwangwanin tana jujjuya shi. Akwai zaren saƙa ja da marigayiya ke ɗaure murfin da shi. Ta daɗe tana kallon zaren.

“Na Inna ne?”

Na gyaɗa kai. Ba ta yi kuka a nan ba, ta dai sa gwangwanin a jakarta, ta ɗebi garin dakwarar kaɗan a leda.

A Tungan Maje take haya, can wajen Zuba, don kuɗin gidan cikin gari sai manya, can ta kai ni na kwana. Mijinta na aiki a Kudu, ita kaɗai ce a gidan. A madafarta na ga kofi ɗaya da faranti ɗaya a kan abin shanya, irin yadda nawa suke a gida. Ashe ba ni kaɗai ba ne.

Da safe ta dama kunun gero, ta barbaɗa garin a ciki kamar yadda uwarta ke jiƙa mata ƙaro in cikinta ya ɓaci. Ta aro kofi a maƙwabta. Muka zauna a tabarma ɗaya, karo na farko tun tana 'yar firamare.

“Yanzu ba a san na Inna ba, ba a san naku ba,” in ji ta.

Sai a nan hawayen suka zo mata, ni ma ban ɓoye nawa ba. Muka shanye kunun tas. Na tambaye ta ko halittun hanjin nan sun gode. Ta yi dariya da jiƙaƙƙen ido ta ce har yanzu gwaji ake, kada in je ina yaɗa wa mutane an samu magani. To, kun ji, ban ce ba.

A Zuba ta sa ni a mota. Ta leƙo ta taga ta ce za su buƙaci wani ƙaron kafin damina, kuma kada a ba direba.

Na iso gida da magariba, na buɗe ƙofa da kaina, na kunna fitila da kaina. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne kunya ma tana ɓarna, don shirun da na yi a bakin teburin nan shi ya niƙe abin da na adana shekara da shekaru. Dakwarar bayan gida kuwa, tun rasuwar mai ita ban bari kowa ya taɓa ta ba. Jiya da hantsi na wasa ɗan gatarin marigayiya, na je na tsaga ɓawon don ƙaro ya fito.