Hasken da Baba Ya Gani a Ɗakin Sanyi

Babana masunci ne, amma ba na bakin gaɓa ba. Can tsakiyar teku yake kai jirginsa, ya saki igiya mai ƙugiyoyi har zurfin da rana ba ta kaiwa. Abokan aikinsa Gaggafa suke ce masa saboda kaifin ido. Hadari bai taɓa ba shi tsoro ba, makanta ce abin tsoronsa. Kakanmu ya makance, kuma kafin nan sai da ya yi ta ganin haske-haske a cikin duhu.

Ni nake kula da ɗakin sanyi inda muke ajiye kifi. Al'adar Baba ce, duk baƙon kifin da bai san sunansa ba sai ya saka shi a bokitin ruwan teku, don wata malama mai bincike da ke zagayowa. Ran nan da hantsi ya shiga da bokitinsa, ga ƙwan fitilar ɗakin ya ƙone. Ya fito, ya zauna a kan akwati ya ƙura mini ido. Mutumin da ko gaisuwa a tsaye yake amsawa!

Na matsa masa da tambaya har ya faɗa. Wai ciwon Kaka ya iso, ya ga haske yana motsi a duhu. Amma ni taurin kaina na gado ne. Na ja hannunsa muka koma, na rufe ƙofa.

Can ƙasan bokiti, sai ga wani haske shuɗi-shuɗi yana kewayawa a hankali.

"Baba, wallahi ni ma ina gani," na ce.

Muka fito da bokitin waje. Ɗan kifin shak ne, dangin mafarautan kifayen nan na teku, baƙi ƙirin, bai kai tsawon damtsena ba, idanu ƙato-ƙato masu kore. Da malamar ta zo, ta ce a zurfi irinsa suke zama, kuma cikinsa ne ke ba da hasken, don manyan kifayen da ke ƙasa da shi kada su hango inuwarsa. Ba ya ƙwai, 'ya'ya yake haifa. Baba ya ce ya sha kama 'yan uwansa, sai dai kullum a tsakar rana, kuma a mace.

Ya yi dariya har da hawaye. Ya roƙi malamar ta auna abinta ta ba shi, shi da kansa zai mayar da kifin gidansa, can cikin teku.

Yana ɗaukar bokitin na tambaye shi dalilin kallon da ya yi ta yi mini ɗazu.

"Fuskarki nake haddacewa," ya ce. "Yanzu kuwa sai ki canza mana ƙwan fitilar nan."