Takobin Roba a Gidan Mahauci

Cikin dilar kayan wasan yara na gwanjo na tsince su. A lokacin ina da tebur a bakin titin Nima a Accra, ina sayar da motocin roba da 'yan tsana. Na kwance wata dila, sai ga leda a can ƙasa cike da sojojin roba, kowanne bai kai ɗan yatsana ba, wani da takobi, wani da gatari, duk ruwan toka. Mai gyaran waya da ke kusa da teburina ya ce ba na yara ba ne. Manya ke jera su a tebur suna buga yaƙi kamar dara, kuma sai an yi musu fenti tukuna. Ya nuna min a wayarsa. Ko ɗaya ban sayar ba, gida na tafi da su.

Na haura arba'in, mijina ya rasu, na dawo gidanmu na gado a Maamobi. Hannu kuwa ina da shi, don na daɗe ina zana wa amare lalle. Da na fara yi wa sojojin fenti, riguna da garkuwoyi ba su ba ni wahala ba. Takubban ne suka hana ni sakat. Na shafa musu fentin azurfa, suka fito kamar takardar alewa. Sai da na lalata guda goma kafin na gane cewa ƙarfe mai ƙyalli ba shi da launin kansa, abin da ke kewaye da shi yake ɗauka.

Yayana mahauci ne, kuma shi ne babba a gidan. Wata safiya ya tsaya a kaina ina zaune a ƙofar ɗakina da tiren sojojin a cinya.

"Sista, abin nan ya isa haka. Babban mace kamar kai, kana wasa da 'yan tsana? Mutane na magana paa. Kafin Sallah su bar gidan nan, ko ni in kai su bola."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na yi jinyar miji shekara biyu, na yi takaba, ba wanda ya tambaye ni abin da nake so. Yanzu da na sami abu guda da ke sa ni ɗokin wayewar gari, shi ne ya tsone wa unguwa ido.

"Yaya, ni ba na bauta musu. Ɗakin nan kuma na ubanmu ne. Ba su zuwa ko'ina kraa."

Daga ranar na daina raɓewa a ƙofar ɗaki. Har kujerata na matsar kusa da dutsen da yake wasa wuƙaƙensa a tsakar gida. Yana wasawa yana harara, ni kuwa wuƙar nake kallo. A nan na ga abin da wayar ba ta koya min ba. Gefen sama yana ɗaukar farin sararin Accra, gefen ƙasa yana ɗaukar tsatsar kwanon rufinmu da jar ƙasar gidan. A bakin kaifin kuma akwai wani siririn layi fari fat, inda dutse ya ci.

Na ajiye azurfar. Na haɗa baƙi da toka da ɗigon ruwan ƙasa, na yanke gashin burushi har ya rage kamar uku, na riƙe numfashi na ja farin layin nan. Kwana huɗu na yi a kan takobi ɗaya, wuyana kamar zai karye.

Ranar jajiberin Babbar Sallah, raguna na ta kuka a kowane lungu, Yaya ya zo da buhu a hannu. Ban tashi ba. Na ɗauki sojan nan mai takobin na miƙa masa.

"Fara da wannan."

Ya karɓa a wulaƙance. Sai ya ɗaga shi wajen rana, ya juya shi hagu, ya juya dama. Kafin ya ankara, babban yatsansa ya bi ta bakin takobin a hankali, yadda yake gwada kowace wuƙa kafin yanka.

Muka haɗa ido. Ya san na gani.

"Ba shi da kaifi," in ji shi.

"Amma ka gwada, Yaya."

Ya ajiye sojan a tire, a tsaye, ba a kwance ba. Ya naɗe buhunsa ya nufi wajen ragunan. Ni kuma na jawo na gaba, mai gatari, na tsoma burushi.