Rabin Gungumen Kawu

Kawuna kafinta ne, kuma ya iya aiki, wannan kam ba zan rage masa ba. Bencunan cocinmu duk shi ya yi su, har yau babu mai girgiɗi. Hankali ne dai bai samu da yawa ba.

Wata rana ya tsaga wani gungume gida biyu. Rabi ya cusa ƙarƙashin teburin aiki yana ɗora ƙafa a kai. Ɗaya rabin kuma, don rashin aikin yi, ya sassaƙa masa kai da kunnuwa da wani hanci kamar bakin buta, ya tokare ƙofar shago da shi. Washegari wata makaranta ta ba shi aikin kujeru. Shi ke nan fa! Kawu ya ce sassaƙen nan ne ya jawo masa sa'a. Abin tokare ƙofa ya samu ƙarin girma. Aka yi masa kanta a bango, aka ɗaura masa jan ƙyalle, kullum da safe a shafe shi da mai. Har suna ya samu, wai Maigida. Da iska ta taɓa kayar da shi, Kawu ya ɗauko ƙusa ya kafe shi ta ƙafa. Ka ji fa, mai tsaron shago, amma sai an riƙe shi da ƙusa.

Matarsa, wadda muke kira Inna, ta yi magana har ta gaji. "Baban yara, kai da kake karanta Littafi Mai Tsarki a gaban jama'a, ba ka ga abin da aka ce kan masu sassaƙa gunki ba? Ƙarshensu su koma kamarsa, ga kunne, ba ji."

"Wa ya ce miki bauta nake yi?" in ji Kawu. "Girmamawa ce kawai."

Ana nan sai kurfi, ƙarfen da yake sassaƙa da shi, ya kuɓuce masa ya cake shi a ƙafa. Wurin ya kumbura, ya fara ruwa. Na ce, "Kawu, don Allah mu je asibiti, za ka rasa ƙafar nan." Ya ce in kama gabana, yana da magani. Maganin kuwa man da yake kankarowa daga jikin Maigida ne, haɗe da ƙura da garin katako. Wari ya cika shagon, masu kawo aiki suka koma yin magana daga bakin ƙofa. Ranar da zazzaɓi ya kayar da shi muka ciccibe shi zuwa asibiti, likita ya duba sau ɗaya ya ce sai an yanke daga gwiwa. Na yi kuka, amma wallahi rabin kukan na haushi ne.

Da aka sallame shi, ya ce a nemo masa busasshen itace mai ƙwari zai yi wa kansa ƙafa. Inna ta je shago ta jawo rabin gungumen nan na ƙarƙashin tebur, duk dattin takalmin Kawu a jiki. Ba a taɓa shafa masa mai ba, amma shi ne yanzu yake ɗauke da Kawu.

Yana zaune a bakin gado yana sassaƙar, sai ya tambaya da ƙaramar murya, "Maigida fa? Wa ke kula da shi?"

"Yana nan inda ka kafe shi," in ji Inna. "Ko dubiya bai zo ba."